Sharhi: Turawa Na Neman Raba Ɓera Da Allura, Mu A Kan Wa Ake Gwada Maganin Maciji?

A watan Nuwamba na shekarar 2025 gwamnatin Birtaniya ta fito da wani shiri na rage amfani da dabbobi wajen gwajin magunguna da sinadarai, ta kuma bayyana cewa an ware fam miliyan 75 domin binciken hanyoyin da za su maye gurbinsu. Cikin abin da shirin ya ƙunsa har da daina ɗiga sinadari a ido ko a fatar dabba don a ga ko zai yi illa, kafin ƙarshen 2026, da kuma rage yawan karnuka da biran da ake ɗura wa sababbin magunguna kafin 2030. Amurka ta riga ta kama wannan hanya, domin a Disamba 2022 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta cire tilascin gwada kowane sabon magani a kan dabba kafin a gwada shi a kan mutum, sannan a Afrilu 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta ce za ta fara janye wannan sharaɗi daga wasu rukunin magunguna. Ita kuwa Tarayyar Turai tun 2013 ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi.

Mun san abin da mai karatu zai ce idan ya ji wannan labari yana zaune a rumfarsa ta kasuwar Aboabo a nan Tamale, ko yana jiran a buɗe ƙofa a Paga ko Hamile ko Kulungugu. Zai ce ƙoshi ne ya yi wa Bature yawa. Mutumin da asibitin garinsu ba shi da auduga, ina ruwansa da hawayen ɓera? Mu ma ba mu ga laifin wanda ya faɗi haka ba. Sai dai akwai magani guda wanda maganar ta shafa kai tsaye, wanda kuma kusan babu gida a Arewacin Ghana da bai taɓa nemansa ido rufe ba, shi ne allurar kashe dafin maciji.

Bari mu fara da abin da ya faru a Yeji, garin nan na bakin tafkin Volta da magabatanmu fatake ke tsallakawa daga Salaga zuwa Kumasi. Daga 2001 zuwa 2003 asibitin Mathias na garin ya yi wa mutum 278 da kububuwa ta sara magani da wata allura ta kamfanin Faransa mai suna FAV-Afrique. Waɗanda suka rasu ba su kai biyu cikin ɗari ba, kashi 1.8 ne. A 2004 sai aka kawo wata sabuwar allura daga Indiya, aka yi wa mutum 66. Duk da cewa an riƙa ninka musu maganin, mace-macen suka tashi zuwa kashi 12.1 cikin ɗari. Likitocin ba su sauya ba, macijin bai sauya ba, marasa lafiyar kuma ba su fi na baya makara wajen zuwa asibiti ba. Kwalbar ce kawai ta sauya. Ba kuma jabu ba ce, magani ne na gaske, amma ba ya kama dafin kububuwarmu ta Afirka ta Yamma, wadda jinsinta daban yake da 'yar uwarta ta Indiya. Likitocin suka rubuta abin da suka gani, aka buga a 2008, suka ce wajibi ne a riƙa gwada kowace sabuwar allura da dafin macizan yankin kafin a raba ta.

To, abin tambaya a nan shi ne, a kan wa aka yi gwajin wannan allura? Amsar ba ta da daɗin ji. A kan manoma da masunta da matan Yeji aka yi shi, kuma a maƙabarta aka karanta sakamakon.

Domin a fahimci inda ɓera ya shigo cikin zancen, ya kamata a san yadda ake yin wannan magani. Hanyar ba ta sauya sosai ba tun zamanin Bafaranshen likita Albert Calmette, wajen 1895. Ana tatsar dafin maciji, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan na tsawon watanni har jinin dabbar ya koyi yaƙar dafin, sannan a ɗebi jinin a tace, a fitar da garkuwar a zuba a kwalba. Saboda haka dokin dafin da aka koya masa kawai ya sani. Wanda aka horar da dafin macijin Madras bai san na Savelugu ba.

Idan an gama kuma, ta yaya za a san maganin yana da ƙarfi? Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana aiki da ita ita ce ta ɓeraye. Da farko a raba su rukuni-rukuni a yi musu allurar dafi zalla, a gano adadin da ke kashe rabinsu. Sannan a ɗauki ninkin wannan adadi a gauraya da maganin, a bar shi kamar rabin sa'a, a yi wa wasu ɓerayen, a jira kwana guda ko biyu a ƙirga waɗanda suka rayu. Haka za a maimaita ga kowane maciji da aka rubuta sunansa a jikin kwalbar. Allura guda da ke iƙirarin maganin macizai goma tana iya cin ɗaruruwan ɓeraye, kuma masana kansu sun yarda wannan yana cikin gwaje-gwaje mafi azaba da ake yi wa dabba, don dafin yana cin jikinta tana ji tana gani.

Ba irin ɓeran rumbu ko jaɓar kwata ake nufi ba. Fararen ɓeraye ne da ake kiwo a ɗaki mai sanyi, da abinci na musamman, da ma'aikata masu lasisi, da wutar da ba ta ɗaukewa. Kowane ɗan kasuwa ya san abin da hakan ke nufi: kuɗi. Ga kuma dafin da za a yi gwajin da shi, wanda sai an kama macijin yankin an ajiye shi an tatsa. Wannan ne ya sa gwajin yake da wuya a ƙasashenmu, shi ne kuma ya sa sau da yawa abin da mai sayarwa ya rubuta a takarda shi ake karɓa. Idan an ce gwajin ɓera zalunci ne, mu namu kukan ya wuce nan, domin tsadarsa ta sa ko shi ɗin ba ya isowa gare mu yadda ya kamata.

Wani abin kuma da ba a cika faɗa ba shi ne, shi kansa gwajin yana da rauni. Babu wanda maciji ke sara da magani gauraye a bakinsa. Mace tana tsintar kaɗanya da asuba a dajin Tolon ko Karaga, kububuwa ta same ta a hannu, sai an nemo babur, wataƙila sai an fara biyawa wajen mai magani na gida, kafin a kai ga allura an yi sa'o'i ko kwanaki. Ɓera kuwa dafi da magani tare suke shiga jikinsa. Bayan haka, yadda kububuwa ke kashe mutum daban ne. Jininsa ne ke ƙin daskarewa, ya riƙa tsattsafowa ta dasashi da fitsari da tsohon miki, wani lokaci ya zuba a ƙwaƙwalwa bayan kwanaki. Kirarin da ake yi mata na gobe da nisa ba a banza ba ne, amma a gaskiya sau da yawa tana ba mutum goben da jibin, tana cinsa a hankali. Ƙirga matattun ɓeraye bayan kwana ɗaya ba ya ba da cikakken labarin wannan. A fagen magunguna baki ɗaya ma, kusan tara cikin goma na waɗanda suka tsallake gwajin dabba faɗuwa suke yi idan an zo kan mutum, kuma wannan asara ce ta fi tausayi ƙarfi wajen sa gwamnatocin Turai buɗe lalitarsu.

Mene ne ake son a maye gurbin ɓeran da shi? Ga dafin kububuwa amsar tana kusa da mu fiye da yadda ake zato. Tunda aikinsa ɓata jini ne, ana iya ɗebo ruwan jini a zuba a 'yar kwalba, a ɗiga dafi a ga yadda zai rikita shi, sannan a ƙara magani a ga ko zai hana. Ana iya auna yawan gubobin da maganin ya kama da waɗanda suka kuɓuce masa, hanyar da masana a birnin Valencia na Sifen suka inganta. A Liverpool an gwada amfani da ƙwan kaza na 'yan kwanaki, kafin ɗan tsakon ya fara jin zafi. A 2020 kuma masu bincike a birnin Utrecht na Holan suka raya ƙwayoyin jakar dafin maciji a cikin faranti, har suka riƙa fitar da dafi ba tare da maciji ba.

Idan mai karatu ya taɓa raka wanda aka sara zuwa asibiti, ya ga ƙanin wannan gwaji da idonsa. Ma'aikaci zai ɗebi jini kaɗan ya zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, ya ajiye minti 20, ya karkata. In jinin ya yi guda, da sauƙi. In ya kwarara kamar ruwa, dafi na aiki, sai allura. Wannan dabara daga aikin David Warrell da abokansa ta fito, lokacin da suke asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, yau kuma duniya ke amfani da ita. Babu ɓera a ciki, babu na'ura, kwalba ce da agogo. Duk wanda ya ce irin wannan ilimi sai Turai, bai san tarihinsa ba.

Amma fa kuɗin bincike yana bin hancin mai shi ne. A 2025 an yi ta yayata nasarori biyu: ɗaya daga Amurka, inda aka haɗa magani daga jinin wani mutum, Tim Friede, da ya shafe shekaru yana sa macizai suna saransa da gangan, ɗaya kuma daga Denmark, inda aka samo garkuwa daga dabbobin nan na Kudancin Amurka dangin raƙumi. Aiki ne mai kyau, sai dai dukansu a kan dangin kumurci da gamsheƙa da mamba suka tsaya, kuma a kan ɓeraye aka nuna ƙarfinsu. Kububuwa da kasa, waɗanda su ne ke cika mana gadajen asibiti, ba sa ciki. Wanda ya fi kusa da buƙatarmu shi ne wani tsohon magani mai suna unithiol, da aka saba ba waɗanda gubar ƙarfe ta kama. Dafin kububuwa yana buƙatar sinadarin zinki kafin ya yi ɓarna, shi kuma maganin yana tsotse zinkin. Ƙwaya ce ta haɗiya, wadda in ta tabbata za a iya ba mutum tun a ƙauye kafin a kai shi asibiti. An gwada shi a kan masu lafiya a Kilifi ta Kenya aka ga ba ya cutarwa, sauran a tabbatar yana ceton wanda aka sara. Har sai an tabbatar, kada wani ya ji sunan ya shiga nema ya jibge a shago.

Ko gwamnati irin tamu za ta iya sa hannu a wannan fage ta ga amfani? Najeriya ta taɓa nunawa. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ɗauki nauyin shirin da ya haifar da allurar EchiTAb. Aka kama macizan ƙasar aka kai Liverpool aka tatse su, wani kamfani a yankin Wales ya yi nau'i ɗaya da tumaki domin kububuwa kaɗai, cibiyar Clodomiro Picado ta Kosta Rika kuma ta yi ɗaya da dawaki domin kububuwa da kasa da kumurci. Aka gwada su a kan mutum 400 a asibitin Kaltungo na Jihar Gombe, da hannun likitoci irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano, aka buga sakamakon a 2010. Allurar farko kaɗai ta dawo da daskarewar jini cikin sa'a shida ga kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa nau'in Kosta Rika, da kashi 76 na waɗanda aka yi wa ɗayan. Abin takaicin shi ne, har yanzu daga waje ake kawo ta, kuma Kaltungo ta sha fama da yankewarta.

A nan Ghana alkaluman hukumar lafiya sun nuna ana samun fiye da mutum 9,000 da maciji ke sara a shekara, waɗanda suka isa asibiti ke nan, ban da waɗanda aka yi wa magani a gida ko aka binne shiru. A duniya kuwa Hukumar Lafiya ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ne ke mutuwa duk shekara. Marigayi Kofi Annan, kafin rasuwarsa a 2018, ya sa bakinsa sosai a wannan batu, hukumar ta sanya saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi watsi da su a 2017, a 2019 kuma ta yi alƙawarin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. Lokacin ya ƙarato. Ita kuwa FAV-Afrique ta Yeji, kamfanin ya daina yin ta a 2014 don ba ta kawo riba, ragowar ta ƙare aiki a 2016, aka bar kasuwa ga duk wanda ya kawo mai araha.

Majalisar dokokin Ghana ta zartar da dokar kafa Asusun Bincike na Ƙasa tun 2020, amma ya daɗe yana kwance a takarda, sai a 2025 gwamnatin Shugaba Mahama ta ce ta ware masa sidi miliyan 50 na somin-taɓi. Wannan bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da Birtaniya ta ware wa batun dabbobi kaɗai ba, kuma kowane fanni zai miƙo ƙoƙonsa. Ba mu ce a yi gasa da Landan ba. Abin da muke gani shi ne, cikin duk abin da ƙaramin asusu zai iya saya, da wuya a sami mai amfani kamar abubuwa biyu: gidan ajiyar macizan Arewa inda za a riƙa tatsar dafinsu a adana, da ɗakin gwaji da zai auna kowane kaso na allura da ya shigo ƙasa da wannan dafi kafin a raba wa asibitoci. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana tana da ƙima, ta kai mataki na uku a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2020, kafin NAFDAC ta Najeriya ta kai a 2022. Akwai cibiyar Noguchi a Legon, akwai masu bincike a Kumasi da Navrongo. Amma macijin a Arewa yake, majinyatan a Arewa suke, ga Jami'ar Nazarin Ci Gaba da asibitin koyarwa a nan Tamale. Ba mu ga dalilin da zai sa a ɗauki kububuwar Gushegu a kai ta bakin teku kafin a san ko allurar da za a yi wa mutumin Gushegu tana aiki ba. Tunda kuma maciji ba ya nuna fasfo a Paga, ɗaki guda zai iya yi wa Burkina Faso da Togo aiki, su biya nasu kason.

Duk da haka akwai inda ya kamata a ja birki. Ba a banza aka fara gwaji a kan dabbobi ba. A 1937 wani ruwan magani mai ɗauke da sinadari mai guba ya kashe mutum sama da 100 a Amurka, shi ne ya haifar da dokar 1938 da ta tilasta tabbatar da lafiyar magani kafin sayarwa. Mu kuma muna da namu tabon. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Saboda haka idan aka ce za a raba ɓera da allura, haƙƙinmu ne mu tambaya wa zai hau gurbinsa. A yau babu gwajin kwalba guda da ya isa ya maye gurbin ɓera baki ɗaya a kan kowane dafi, musamman na macizan da ke shanye jijiya su tsayar da numfashi. Hanyar hankali ita ce a fara tace allurai da gwajin kwalba, wadda ta faɗi a kore ta tun a nan, wadda ta tsallake kaɗai a kai ga 'yan ɓeraye kaɗan, su ma a ba su maganin rage zafi. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Akwai kuma tsoron cewa idan manyan ƙasashe suka sauya ƙa'ida zuwa na'urori masu tsadar gaske ba tare da an yi shawara da mu ba, ƙananan masu yin magani za su fice, farashi ya ƙara tashi. Wanda bai sa kuɗinsa a bincike ba, ba a ba shi kujera ranar da ake yanke ƙa'ida.

Sauran magana tamu ce, mu 'yan kasuwa. A ƙa'ida gwamnati ce ke sayen wannan allura ta raba wa asibitoci, amma idan ta yanke, dangin majinyaci kan bazama shagunan magani da kuɗi a hannu, kuma duk inda ake nema ido rufe, kaya za su sami hanyar tsallake iyaka. Wanda aka kawo wa kwali a Sankasi ko Bawku aka ce ya saya da araha, ya sani ba atamfa ba ce. In ta ruwa ce, sai an riƙe ta a firji tsakanin maki 2 zuwa 8, wadda ta yi yini a bayan mota cikin zafin watan Maris ba a san abin da ya rage a cikinta ba. Ta gari, wadda ake narkawa kafin a yi, ta fi jure zafi. A duba lambar rajistar hukumar magunguna da ranar ƙarewar aiki. Sannan a karanta sunayen macizan da ke jikin takardar, ko a sami ɗan makaranta ya karanta. Sunan kububuwarmu a wajen masana Echis ocellatus, kasa Bitis arietans, kumurci mai tofi Naja nigricollis. In aka ga Echis carinatus da Daboia russelii da Naja naja da Bungarus caeruleus, wannan ta macizan Indiya ce, komai kyan kwalinta. Ba kuma duk ta Indiya ce ba ta aiki ba, akwai kamfanonin can da ke yin nau'i na musamman da dafin macizan Afirka, sunan macijin ne abin dubawa. Allurar kuma ta jijiya ce, a asibiti ake yin ta, don jikin wasu kan yi mummunan bore da ita har numfashi ya sarƙe, sai da ma'aikaci a kusa.

Masu sayen kaɗanya da man kaɗe su ma suna da abin yi tun kafin damina ta kankama. Daga watan Mayu zuwa Agusta ne mata ke fita tun duhun asuba suna laluben 'ya'yan kaɗanya cikin ciyawa da hannu, lokacin ne kuma sara ke yawaita. Kuɗin takalmin roba mai tsawo da safar hannu da tocila ga mace guda bai kai na kwalbar allura ɗaya ba, kuma dillalin da ya raba wa matan da ke kawo masa kaya, buhunansa ne za su cika.